Awon Ƙara a Bakin Hoshin Awaki

Shekara shida ke nan Zaharadden yana aikin auna ƙara a wani ƙaramin kamfani da ke unguwar Sa'alaba ta birnin Jidda, irin kamfanonin da ke rubuta wa masu neman lasisi rahoton muhalli. Idan wani zai buɗe masana'anta ko zauren biki, sai a tura shi da na'ura, ya kafa ta a kan ƙafafunta uku, ya rubuta lambar da ta nuna, mai kamfanin, Ustaz Fawaz, ya sa hannu a ƙasa. A Jidda aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa. Kakansa ne ya zo aikin hajji daga Katsina bai koma ba. Hausarsa ta cikin gida ce, a bakin kakarsa ya koye ta, kuma da magana ta yi zafi Larabci ke riga ta fitowa.

Wata Talata da safe Fawaz ya miƙa masa fayil. Wani ɗan kasuwa mai suna Majid ya sayi fili a daji, can gaba da unguwar Khumra, yana neman izinin buɗe wurin harbin faifai. Wasa ne na masu hali: inji ya cilla ɗan faifan yumɓu sama, mai bindiga ya tarwatsa shi kafin ya faɗo. An ba Majid izinin gwaji na mako uku, saura rahoton ƙara kafin a ba shi na dindindin.

"Wuri uku za ka auna," in ji Fawaz da Larabci. "Na yi maka alama a taswira. Ba kowa a wajen, sai rairayi. Yalla, ka dawo kafin la'asar."

Wuri na farko wajen da maharba ke tsayawa ne, na biyu ƙofar shiga, na uku kuma wani gidan shaƙatawa ne a bakin kwalta, nisan kilomita biyu. Zaharadden ya gama na farko, yana naɗe waya, sai ya hango doguwar katangar bulo daidai inda bakin bindigogi ke kallo. A taswira an rubuta mata "hoshi", wato filin dabbobi mai katanga. Amma hayaƙi na tashi daga bayanta, siriri, irin na murhu.

Ya tuƙa motar kamfanin zuwa can. Kafin ya kashe inji wata dattijuwa ta fito daga ƙofar kwano, mayafinta ɗaure a ƙugu, tana faɗa cikin gurgun Larabci. Da ya gaishe ta da Hausa sai ta tsaya, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai ma da kai ake wannan aikin?"

"Ni awo kawai nake yi, Inna. Ƙarar nake aunawa."

"To shigo ka auna ta a inda take."

Sunanta Tani, mutuniyar Maraɗi, shekara goma sha tara da zuwanta umara, ba ta koma ba. Mijinta Badaru shi ke kiwon awakin wata Balarabiya mai hoshin, kuma shi kaɗai ke da iƙama, wato takardar izinin zama, a wurin. A jikin katanga ta ciki akwai ɗakuna huɗu na bulo da rufin kwano, iyali uku, mutum tara. Ga igiyar shanya, ga tankin ruwa, ga wata tabarma a ƙarƙashin rumfa inda suke salla. Wata matashiya mai suna Bilkisu tana zaune a bakin ƙofa da jaririn kwana arba'in a cinyarta, ta cusa masa auduga a kunne.

Tani ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin madara, ta ajiye shi a tafin hannun Zaharadden. Nauyinsa ya ba shi mamaki. Ƙananan ƙwayoyin dalma ne na harsashi, sun kusa rabin gwangwanin.

"Na kwana goma sha ɗaya ne wannan," in ji ta. "Daga rufi nake share su, da kwamin ruwan awaki, har cikin tukunyata. In sun fara, sai ka ji kamar ana watsa tsakuwa a kwano. Akuya bakwai sun yi ɓari. Nonon da muke tatsa ya koma rabi. Malam kuwa hawan jini gare shi, dube shi."

Badaru na zaune a kan buhun barsim, ciyawar da ake ba awaki, dogon tsoho marar magana. Ya ɗaga hannu ya gaisa.

Ana cikin haka aka fara harbi. Awaki suka zabura gaba ɗaya suka cunkushe a kusurwa guda, manya na taka ƙanana. Jaririn ya tsandara kuka. Bayan kowace ƙara, da ɗan jinkiri, sai a ji yayyafin dalma a kan rufi. Zaharadden ya kafa na'urarsa a ƙofar ɗakin Tani. Ta nuna saba'in da tara. A takardar aikinsa, iyakar da aka yarda da ita kusa da mazauni hamsin da biyar ce. Ya auna nisan da ke tsakanin hoshin da maharba: mita ɗari biyu da arba'in.

Da ya koma ofis ya ajiye sakamakon a gaban Fawaz, wuri huɗu maimakon uku. Fawaz ya duba, ya ɗauki biro, ya ja layi a kan na huɗu.

"Wa ya aike ka can?"

"Mutane ne a wurin, Ustaz. Mutum tara, har da jariri. Dalma na zuba a kansu."

"Ƙa'ida cewa ta yi a auna a mazauni mafi kusa mai lasisi. Hoshi ba mazauni ba ne. Wurin dabbobi ne."

"Na sha shayi a ciki. Na ga gadajensu."

"Ni ban gani ba, taswira ma ba ta gani ba." Fawaz ya jingina da kujera. Ba mutum ne mai ɗaga murya ba, abin da ya fi ƙona wa Zaharadden rai ke nan. "Bari in tambaye ka. Cikin taran nan, nawa ke da takarda?"

"Mutum ɗaya," in ji Zaharadden.

"To ka gani. Kana son taimakonsu? Rubuta su. Ka sa adadinsu, ka sa hoto. Rahoton nan ofis uku zai bi. Kafin mako ya zagayo mota za ta je ta kwashe su, Majid kuma ya sami lasisinsa ba maƙwabci ko ɗaya. Ni da na goge su, rufa musu asiri na yi. Halas, magana ta ƙare, ka gyara ka kawo mini Lahadi."

Zaharadden ya fito ya nufi mota. Abin da ya fi ci masa rai, ya san rabin maganar gaskiya ce, kuma ya san ba don Tani Fawaz ya faɗe ta ba. Da ya sake buɗe fayil ɗin a mota sai ya ga wani abu da bai kula da shi ba da safe: hoton filin daga sama, wanda Majid ya haɗa da takardar nema. Ɗakunan nan huɗu sun fito sarai a ciki, har tankin ruwa. Duk wanda ya zaɓi wuraren awo uku ya ga wannan hoton kafin ya zaɓa.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya koma hoshin, ya zayyana musu komai, bai rage ba. Tani ta saurara har ya gama, tana tsince wake a faranti.

"Kada ka rubuta mu," ta ce.

"Inna, in ban rubuta ba za a ba shi izini. Kullum haka za ku riƙa ji, ba mako uku ba."

"Na ji. Kada ka rubuta mu." Ta ture farantin gefe. "Kana tsammani ban san abin da ake yi mana ba? Na sani sarai. Mutumin nan ya zo nan da kansa kafin ya kafa ko ƙusa ɗaya. Ya tsaya inda kake tsaye, na ba shi ruwa ya sha. Ya tambayi Malam mu nawa ne, ya tambayi masu iƙama nawa ne. Da ya ji amsa sai ya yi murmushi ya tafi. Lissafinsa ya yi, ya ga ba mu da bakin magana. Shekara goma sha tara ina wanke kashin awaki a garin nan, ban taɓa ɗaukar allurar kowa ba, amma in ce wayyo kunnena sai an ɗaure ni."

Ta miƙe ta shiga ɗaki.

Badaru ne ya yi magana, a hankali. "Hoshin dai yana da mai shi. Ita tana da baki."

"Kun faɗa mata?"

"Ta san muna nan, ta kau da kai tun tuni, Allah ya saka mata. Ina tsoron in kai mata matsala ta ce kowa ya watse."

"Ba ni lambarta, Baba. Ni zan je, ba kai ba."

Mai hoshin sunanta Wafa', ana kiranta Ummu Badr, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu ya bar mata awakin. Ta karɓi Zaharadden a falonta ranar Asabar da hantsi, ɗanta Badr na zaune a gefe yana latsa waya. Zaharadden bai nuna mata takardar kamfani ko ɗaya ba, don ba shi da hurumin yin haka. Gwangwanin Tani kawai ya ajiye a kan tebur, ya gaya mata daga ina aka share abin da ke ciki.

Ta ɗebi ƙwayoyin a hannu, ta murza su. "A ruwan da awakina ke sha?"

"Da abincinsu, ya Khala," ya ce, wato inna da Larabci.

"Kuma ni maƙwabciyarsa ce katanga da katanga, ba wanda ya sanar da ni?"

"An ce an sanar da maƙwabta. Takarda aka liƙa a ƙofar filinsa, ta ciki."

"Ta ciki." Ta maimaita, ta cire tabarau. Shekara talatin tana hukunta masu irin wannan wayon, ga alama ba ta manta yadda ake yi ba. Badr ya ce da ma a bar maganar, Majid mutum ne mai jama'a, me za a yi da rigima a kan awaki. Ta dube shi sau ɗaya, ya koma kan wayarsa.

"Me zan nema?" ta tambayi Zaharadden.

"Ki shigar da ƙorafi a matsayin mai fili. Ki ce a sake awo a kan iyakarki, a gabanki, da jami'in ofishin lasisi. Ki ambaci dabbobi da dalma." Ya ɗan tsaya. "Kada ki ambaci mutane."

"Na gane," ta ce.

Aka sa ranar sake awo, Laraba ta mako mai zuwa. Tun Talata da rana mutanen hoshin suka shiga aikin ɓatar da sawunsu. Zaharadden ya nemi izini daga ofis ya zo da motar kamfanin ya taimaka. Aka kwance igiyar shanya, aka tattara tukwane da katifu aka cusa a ɗaki guda, aka jera buhunan barsim a bakin ƙofofi don su yi kama da rumbun ajiya. Tani da kanta ta rushe murhunta na duwatsu uku, ta share tokar, ta watsa kashin awaki a wurin. Sahu biyu ya yi yana kai su ɗakin wata 'yar'uwar Bilkisu a Khumra, mutum takwas a ɗaki ɗaya mai fanka guda. A hanya Tani ta yi magana.

"Mu da aka cuta mu ne muke ɓuya," ta ce, tana kallon taga.

Washegari da ƙarfe tara kowa ya hallara a bakin katangar: jami'in ofishin lasisi da allon rubutunsa, Ummu Badr a kan kujerar roba da lema, Majid cikin farar riga mai ƙamshin turare, Fawaz, da Badaru a can gefe riƙe da sanda. Majid ya gaishe da Ummu Badr da ladabi, ya ce shi mai kiyaye haƙƙin maƙwabtaka ne, da ya san akwai damuwa da tuni ya zo. Ya wuce Badaru kamar bai taɓa ganinsa ba.

Zaharadden ya kafa na'ura. Majid ya yi waya, aka fara harbi. Ƙarar ta zo a sanyaye, ɗaya bayan ɗaya, da tazara mai tsawo. Awaki suka ɗaga kai, suka koma cin abincinsu. Na'ura ta nuna sittin da ɗaya. Jami'in ya sunkuya zai rubuta.

Zaharadden ya san abin da aka yi. Maharba biyu kawai aka kawo, an ba su harsashi marar ƙarfi, an kuma tsayar da su a rumfar da ta fi nisa. Ya dubi Fawaz, Fawaz ya girgiza masa kai kaɗan, yadda ba wanda zai lura.

"Ustaz, kafin ka rubuta," in ji Zaharadden ga jami'in. "Takardar nema ta ce rumfa takwas, maharbi takwas a lokaci guda. Yanzu biyu ke harbi, daga rumfa ta ƙarshe. Kuma ba wannan harsashin aka yi amfani da shi a makonnin gwaji ba. Kwansonsu na nan zube a filin, ana iya dubawa."

"Wannan ma'aikacin wa ne?" Majid ya tambayi Fawaz.

"Ma'aikacin na'urar ne," in ji Ummu Badr daga ƙarƙashin lemarta. "Ni ma takwas ɗin nake son ji. Ba inda za ni, zan jira."

Jami'in ya buɗe fayil, ya karanta, ya ce maganar haka take. Sai da aka yi awa ɗaya da rabi kafin Majid ya tara mutum takwas daga cikin ma'aikatansa da abokansa, aka fasa sabon kwalin harsashi irin na kullum. Da suka buɗe wuta, awaki ɗari da arba'in suka ruga kusurwa guda har ƙofar kwano ta lanƙwashe. Dalma ta zubo a kan lemar Ummu Badr, wasu ƙwayoyi suka gangara a kan allon jami'in. Ya tsince ɗaya, ya duba, ya sa a aljihu. Na'ura ta nuna tamanin da biyu, ya rubuta da hannunsa.

Da suka koma ofis a Sa'alaba, Fawaz ya kira Zaharadden. Ya ce kamfani ƙarami ne, ba ya iya riƙe ma'aikacin da ke kunyata shi a gaban mai ba shi aiki, ƙarshen wata ya miƙa makullin mota. Zaharadden ya ce ba sai ƙarshen wata ba, ya ajiye makullin a kan tebur tare da katin aikinsa.

Bayan mako bakwai hukunci ya fito. An ba Majid lasisi, amma da sharuɗɗa: ya juya rumfunan su kalli gabas inda ba komai sai tsauni, ya tara tudun ƙasa mai tsayin mita biyar tsakaninsa da hoshin, kuma ba harbi kafin la'asar sai ranar Asabar. Takardar shafi huɗu ce. Ta ambaci awaki ɗari da arba'in, ta ambaci kwamin ruwa da ingancin nono.

A lokacin Zaharadden ya sami aiki a wata masana'antar robobi a unguwar masana'antu ta Jidda, yana auna ƙarar injuna yana raba wa leburori abin toshe kunne. Wata Asabar ya ɗebi kwali guda, da izinin shugabansa, ya kai hoshin. Tudun ƙasar ya tashi, ja, ya tare rabin sararin sama. Dalma ta daina zuba. Ƙarar tana nan, ta dai koma kamar ana buga ƙofa a gidan maƙwabta ba ƙaƙƙautawa. Ɗakin Bilkisu a rufe yake. Mijinta ya ce jaririn ba ya barci, sun koma Khumra gaba ɗaya.

Tani na tatsar nono. Ta karɓi kwalin, ta juya shi, ta ajiye a gefe.

"An rage," ta ce. "Ba zan ce ba a rage ba. Kai kuma ka rasa aikinka a kan awakin wata."

"Ba a kan awaki ba ne, Inna."

"Ni da kai muka san haka." Ta ci gaba da tatsa. "Ka ji sabon labari? Ya aiko wa Ummu Badr, wai yana son sayen hoshin ya yi wurin ajiye motocin baƙinsa. Ta kore ɗan aiken. Amma ɗanta ya zo jiya da wani mutum, suna auna katanga da igiya."

Zaharadden ya dube ta. "Ummu Badr ta sani?"

"Malam ya ƙi kiran ta. Wai ba ya shiga tsakanin uwa da ɗa."

Ya ciro wayarsa, ya nemo lambar Ummu Badr, ya fita bakin ƙofa inda sabis ya fi kyau. Ta ɗauka a bugu na uku, ya gaishe ta, ya ce yana da maganar da ya kamata ta ji yau.